Muryar da Gunji Ya Rufe

Sau uku ke nan Baffa Muhammadu Sani yana mai da sautin baya, kowane karo sai ya ƙara kusanta wayar da kunnen yayansa.

"Ka saurara da kyau, Yaya Malam. Ba karatunka nake so ka ji ba, abin da ke bayansa."

Aina'u na durƙushe a ƙofar turakar mahaifinta da kwanon fura a hannu, ta kasa ajiyewa, ta kasa komawa. Muryar da ke fita daga wayar ta babanta ce, Malam Ɗahiru, yana bayani a kan hakkin iyaye da muryar nan tasa da ta soma dushewa. Amma a ƙarƙashinta akwai wani gunji mai kauri da ba ya yankewa, kamar zuma ta shiga tulu. A samansa kuma wata siririyar tsuwa mai sa haƙori tsami.

Can inda Malam ya tsaya zai ja numfashi, sai aka ji ta.

Mace ce. Ba magana take ba, ba kuma kuka ba. Wani abu take rerawa da baki a rufe, ta hau, ta sauka, ta sake hawa, irin na mai jijjiga jariri.



"Mu biyu ne a ɗakin," Malam ya ce a hankali. "Ni da yaron. Kwana tara ina zuwa, ban ga mace ba."

"Ai dama ba za ka gan ta ba," in ji Baffa.

Yaron da ake nufi shi ne Ikrima, ɗan aminin Malam, wanda shekara biyu ke nan duk Marken Gabas an san shi ne a zuciyar Aina'u. Ya yi karatun kwamfuta a Kano ya dawo gida, ya mai da ɗaki ɗaya a gidansu na bakin gari wurin ɗaukar murya. 'Yan kasuwa na zuwa ya yi musu talla, masu biki ya yi musu sanarwa. Da ya ga muryar Malam tana raguwa, ga ɗalibansa sun watsu a garuruwa, shi ya roƙi a ba shi dama ya ɗauke karatun a ajiye. Malam ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya ce in kaka ta yi Ikrima ya turo magabatansa.

Baffa ne ya karɓi katin memori daga hannun Malam ya kai wa Fahad, wani mai shagon waya a Bacirawa, don ya tura wa ɗalibai. Fahad ɗin kuwa sau biyu yana aiko wa Aina'u da kyauta tana mayarwa. Kafin kwana biyu, karatun ya zaga wayoyin garin, amma ba don karatun ba.

Baffa ya kashe wayar ya gyara zama.

"Tun farko na faɗa, ba a ji ba. Gidan su yaron nan ba lafiyayye ba ne. Ka manta uwarsa Kaltume? Da rana tsaka ta fita gona ta dawo ba ita ba. Aka ɗauke ta aka yi arewa da ita neman magani, yau shekara goma sha ɗaya ko labarinta babu. Ƙila ma ƙasa ta daɗe da rufe ta. To abin da ya kama ta bai bar gidan ba. Ni ne waliyyin yarinyar nan, ba zan miƙa ta inda mutanen ɓoye ke waƙa ba. Ga Fahad nan, ɗan mutunci, gidansu tas."

Kwanon ya karkace a hannun Aina'u, fura ta ɗiga a tabarma. Sai a lokacin Malam ya dube ta.

Ya ja carbinsa, ya juya ga Baffa.

"Ba na yanke wa mutum hukunci da abin da ban sani ba. A gaya masa ranar Alhamis bayan azahar za mu zo. Ya nuna mana mafarin ƙarar nan da idonmu. Ke ma za ki bi mu, Aina'u. Ke kika karanta ilimin wutar nan a kwalejin Bici, ki zame mini ido."

*

Washegari da la'asar Ikrima ya zo. A soro ta same shi tsaye, bai ko zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya rame. Idanunsa sun yi zuru-zuru kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

Ta gaishe shi, hawaye suka zubo mata tun kafin ta ƙarasa.

"Ko rijiya na je sai a yi shiru," ta ce. "Jiya wata ta ce mini in riƙa yin azkar kafin in ɗauki wayarka. Ni me na yi wa mutanen garin nan?"

"Ki daina kuka, Aina'u. Don Allah."

"In daina in yi me? Baffa ya ce in Alhamis ta wuce ba ka wanke kanka ba, an rufe maganarmu. Ka san Baba ba ya tsallake maganar ɗan'uwansa a kan aure."

Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Ba wani aljani a cikin kayana. Kin san ɗan akwatin sautin nan da nake jona makirufo a jikinsa? Shi ke karɓar murya ya miƙa wa kwamfuta, kuma wutarsa daga jikin kwamfutar yake sha, ta wayar USB. In wutar da ke shiga kwamfutar ba mai tsafta ba ce, duk dattinta sai ya bi wayar ya faɗa cikin sauti. Inbatar da ke ba ni wuta daga sola ta araha ce, cajar ma ba ta asali ba. Gunjin ke nan. Tsuwar kuma na san inda take. Minti biyar ya ishe ni in kashe su duka a gabansu."

Ta share hawaye da gefen hijabinta. Bayanin ya zauna mata, don abin da aka koya musu ne. 

Sai wani tunani ya faɗo mata.

"Minti biyar ka ce?"

"Ko ma bai kai ba."

"To me ya sa ka bar shi kwana tara? Kai da ko tari mutum ya yi sai ka ce a sake ɗauka?"

Tsinken ya tsaya a hannunsa.

"Batirin kwamfutar ba ya jimawa. Dole in bar caja."

"Ranar da ka ɗauki sanarwar bikin ƙawata Ramlat awa uku kuka yi babu wuta. Ita ta gaya mini."

Ya karya tsinken ya yar.

"Muryar fa, Ikrima? Ita ma cajar ce?"

"Kunne yana da ruɗi. In gunji ya yi yawa, mutum sai ya ji abin da babu."

"Na ji ta da kunnena. Tana hawa tana sauka. Tana jan numfashi." Ta matso da muryarta ƙasa. "Wuta ba ta numfashi."

Ya ɗago ya dube ta, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Tsoro ne, amma ba irin tsoron wanda ya ji abin da bai sani ba.

"Kin yarda da ni?" ya ce.

"Da ban yarda da kai ba, da ba na tsaye a nan."

"To ki yi haƙuri har Alhamis ta wuce. Bayan nan duk abin da kika tambaye ni zan faɗa miki. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban taɓa nufin cutar da ke ba."

"Ni ba cuta nake tsoro ba," ta ce, hawayen suka dawo. "Tsorona in zama ni ce ta ƙarshe da zan sani."

Ya miƙe, ya yi sallama ya fita. Ta bi bayansa da kallo har dawa ta haɗiye shi.

*

Ranar Alhamis tun da hantsi hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zubowa. Garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi.

Su huɗu suka kama hanya bayan azahar. Malam a gaba da sandarsa, Baffa na bin sa, sai Fahad da ya zo a babur tun daga Bacirawa wai don ya zama shaida, sai Aina'u a can baya. Siririyar hanya ce tsakanin gonaki, gero a dama, dawa a hagu, duk sun fi mutum tsayi. Ba ka ganin gidan da ke gabanka sai ka zo ƙofarsa. Kukan kurciya ɗaya ke bin su, in sun tsaya ta tsaya.

Gidan su Ikrima shi ne na ƙarshe. Yayarsa Maijidda ce ta tarbe su. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan take zaune da ƙanenta. Ta durƙusa ta gaida manya, ta kawo ruwa, ba ta yarda ta haɗa ido da Aina'u ba. Nan da nan ta koma ciki, aka ji ta saka sakata a ƙofar da ta raba ɗakin aikin da tsakar gida.

Baffa ya tsaya a bakin ɗakin ya yi addu'o'i ya tofa kafin ya shiga.

Ɗakin ƙarami ne. An lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna da kwalayen ƙwai, taga ɗaya an toshe ta. Ga tebur da kwamfuta a kai, ga ɗan baƙin akwatin sauti mai 'yar koriyar fitila, ga makirufo a kan sandarsa kusa da bangon ciki, daidai inda Malam ke zama. Fanka na juyawa a kusurwa, inbata na ƙugi a ƙarƙashin tebur.

Manya suka zauna a kan darduma. Aina'u ta rakuɓe a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam," in ji Ikrima yana durƙushe, "ba zan taɓa komai ba sai kun ji ƙarar tukuna."

Ya juya lasifika ta kalli ƙofa don kada ta yi ihu, ya murɗa mata murya. Gunjin ya cika ɗakin, shi ne dai na cikin wayar, da tsuwarsa a sama. Baffa ya ja rigarsa ya matsa kusa da Malam.

"To a duba hannuna."

Ya zare cajar daga jikin kwamfutar.

Gunjin ya ɗauke kamar an yanka shi da wuƙa.

Ya mayar, ya dawo. Ya zare, ya tafi. Sau uku yana yi. Sannan ya miƙa wa Malam kan cajar ya ce ya gwada da kansa. Malam ya soka, ya zare, ya girgiza kai.

"Ikon Allah. Wannan ɗan abin ne?"

"Shi ne, Malam. Wuta ce ke shigowa da datti. Bari in kashe inbatar gaba ɗaya mu zauna a kan batir."

Ya kashe. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Zafi ya sauko musu.

"Saura tsuwar," in ji Fahad. "Ita ba ta tafi ba."

Ikrima bai ko kalle shi ba. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar ya motsa shi. Tsuwar ta canza murya, ta yi sama, ta yi ƙasa, tana bin hannunsa duk inda ya yi.

"Wa'iyazu billahi," Baffa ya ce. "Amsa masa take."

"Ba amsawa take ba, Baffa," Aina'u ta ce daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. "Ramin USB ɗaya ya raba musu. Linzamin da akwatin sautin da 'yar fankar sanyaya kwamfuta duk a reshe ɗaya suke shan wuta, shi ya sa motsin ɗaya ke shiga ɗaya."

Ikrima ya cire wayar akwatin daga reshen, ya zagaya da ita ɗaya gefen kwamfutar ya soka ta a raminta ita kaɗai. 'Yar fitilar ta mutu ta sake kamawa. Ya motsa linzamin. Babu komai.

"Akwai kuma wani ƙyat-ƙyat da ke shigowa jefi-jefi a cikin karatun," ya ce. "Fahad, ara mini wayarka."

Fahad ya miƙa ba da son ransa ba. Ikrima ya ɗora ta a kan wayar makirufo, ya roƙi Baffa ya kira lambar. Baffa ya danna. Kafin wayar ta yi ƙara, lasifikar ta riga ta, ƙyat-ƙyat-ƙyat-dirrr, sannan kiran ya shigo.

Malam ya yi murmushi, na farko tun da suka zo.

"Wato wayata ce da nake ajiyewa a gefena."

"Ita ce, Malam."

Aka kashe wayoyi duka. Ikrima ya ƙara wa lasifikar murya. Ba abin da ke fita sai wani siririn huci, da numfashin mutanen ɗakin. Har ƙarar carbin Malam ana ji ɗaya bayan ɗaya.

"Matar fa?" in ji Baffa.

"Ga shi kuna ji, Baffa. Babu kowa."

Suka kasa kunne. Minti ɗaya, biyu. Gumi na bin bayan Aina'u. Ta lura Ikrima ba lasifikar yake kallo ba, bangon da ke bayan makirufo yake kallo, hannunsa kuma bai bar kan maɓallin murya ba.

Malam ya dafa sandarsa zai miƙe.

"To alhamdu lillahi. Muhammadu Sani, ka gani da idonka. Zato zunubi ne ko da ya..."

Tsawa ta faɗi a can gabas, doguwa, har kwanon ɗakin ya amsa.

Da ta lafa, sai muryar ta taso daga cikin lasifikar.

Yanzu babu gunjin da zai rufe ta. Tas take fita, kamar mai ita na zaune a tsakiyarsu. Ta hau, ta sauka, ta ja numfashi, ta sake hawa.

Fahad ya riga kowa kaiwa ƙofa, har ya taka gefen hijabin Aina'u. Baffa ya ɗaga murya da addu'a. Malam ya koma ya zauna a hankali, idonsa a kan lasifikar.

Hannun Ikrima ya fara murɗa maɓallin ƙasa.

"Bar shi," Malam ya ce.

Ya bari.

"Babu caja, babu waya, babu inbata. Wannan kuma mene ne?"

Ikrima ya sunkuyar da kai.

Malam ya juya wajen 'yarsa. "Aina'u. Na ce ki zame mini ido. Akwai sauran abin da ba a gwada ba?"

Ta san akwai. Tun a soro ta sani. Gwaji ɗaya ne, kuma shi ya kamata a fara yi kafin kowanne: a cire makirufo. In ƙarar ta ci gaba, daga cikin na'ura take. In ta ɗauke, to daga waje take shigowa, wani abu ne mai rai yake yin ta.

Ta dubi Ikrima. Idanunsa sun kawo ruwa, yana girgiza mata kai kaɗan-kaɗan yadda ba mai gani sai ita.

In ta ce babu, Baffa ya yi nasara, an tabbatar gidan aljanu ne. In ta ce akwai, ita da hannunta za ta tone abin da ya roƙe ta ta bari. Kuma ba ta taɓa yi wa mahaifinta ƙarya ba.

"Akwai, Baba," ta ce, hawaye na zubo mata. "A cire makirufo daga jikin akwatin."

Ikrima bai motsa ba. Ita ta taso, ta ratsa gefen darduma, ta kama kan wayar ta zare.

Lasifikar ta yi shiru.

Amma ɗakin bai yi shiru ba.

Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, waƙar na ci gaba. Babu fanka, babu ƙugin inbata, babu muryar Malam a kanta. Daga bayan bargon da ke jikin bango take fitowa.

Malam ya miƙa sandarsa ya ɗaga gefen bargon. Akwai wata tsohuwar 'yar taga a wurin, an cusa mata tsumma.

"Wa ke cikin ɗakin can, Ikrima?"

Ikrima ya zube a gabansa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Mahaifiyata ce, Malam."

Baffa ya katse addu'arsa.

"Tana da rai?" in ji Malam.

"Tana da rai. Shekara uku ina neman inda aka kai ta. Waɗanda suka kai ta sun ce sun manta garin. Farkon daminar nan na same ta a gidan wani mai magani, can kusa da iyaka. Na tarar da mari a ƙafarta, Malam. Ya ci naman har ya zauna. Ba ta gane ni ba. Na ɗauko ta, muka shigo da ita ranar kasuwa da rana, kowa ya tafi. Duk bayan sati biyu ni da Yaya Maijidda muna kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma maganin yana karɓar ta. Yanzu tana cin abinci da kanta. Shekaranjiya ta kira sunana."

Ya goge idanunsa da hannun riga. Sannan ya ci gaba.

"Ranar farko da na saurari karatunka na ji ta a ciki. Muryarka ta yi ƙasa, dole na ƙure wa makirufo ƙarfi, shi kuma ba ya zaɓe. Sai na mayar da tsohuwar cajar da na daina amfani da ita, na bar gunjin ya rufe ta. Na ce in an gama zan zauna in wanke shi a tsanake. Ban san katin zai bar hannunka ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na san abin da za a ce. Za a ce gidan hauka. Za a zo ana leƙenta ta katanga. Kuma za a hana ni Aina'u."

"Ai kuwa an hana ka," in ji Baffa, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Gara ma aljanin, ana yi masa ruƙiyya ya fita. Wannan a jini yake. Ga ƙarya kuma a kai. Yaya Malam, tashi mu tafi."

Malam bai tashi ba.

"Ciwo ba ya ba ni tsoro, yaro," ya ce. "Allah ke saukar da shi a gidan da ya so. Amma kwana tara ka zaunar da ni ina karanta wa mutane hakkin iyaye, alhali tsakanina da matar aminina bango ɗaya ne, ban ce mata sannu ba. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Aka ji an zare sakata.

Muryar Maijidda ta biyo baya tana roƙo. "Inna, dawo. Inna, baƙi ne, don Allah ki dawo."

Labulen ƙofar ya motsa. Wata mata ta tsaya a wurin, siririya kamar kara, kanta fari fat, an ɗaura mata ɗankwali mai tsafta. Tana tafe tana jan ƙafa ɗaya, taku gajere, kamar har yanzu akwai abin da ke riƙe da ita. Fahad da ke waje ya ƙara ja da baya har cikin gero.

Ba ta dubi mazan ba. Idonta ya sauka a kan Aina'u, wadda har yanzu kan wayar makirufo ke hannunta.

"Asma'u," ta ce. "Kin zo?"

Sunan mahaifiyar Aina'u ne. Kowa na cewa kamarsu ɗaya lokacin tana budurwa, kuma tare suka tashi da Kaltume, gida na kallon gida.

"Na ce musu za ki zo. Suka ce ba ki san hanya ba."

Ta matso ta kama wuyan hannun Aina'u. Yatsunta sanyi ƙalau, da ƙarfin da ba a zata ba.  Ta dubi ƙafar matar, ta ga baƙin zoben tabo a idon sawu, ta ɗago ta dubi fuskarta. Idanun Ikrima ne sak.

"Na zo, Inna," ta ce.

Kaltume ta ja ta suka zauna a ƙasa, ta jingina kai da kafaɗarta, ta koma rera waƙarta da baki a rufe. Maijidda ta tsaya a ƙofa ta toshe baki da gyale tana kuka.

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗigo ɗai-ɗai.

Malam ya miƙe da ƙyar. Ya tsaya a kan matar ya ce, "Sannu, Kaltume." Ba ta ɗago ba. Ya sake cewa, "Allah ya ba ki lafiya." Sannan ya juya ga 'yarsa.

"Aina'u, taso mu tafi."

"Baba, ta riƙe ni."

Ya dubi hannayen nasu. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda ake buƙata.

"To ki zauna har ta sake ki. Maijidda ta rako ki kafin magariba."

"Yaya Malam," in ji Baffa daga bakin ƙofa, "in ka fita ka bar yarinyar nan a gidan nan, ka nemi wani waliyyin. Ni na cire hannuna, kuma ƙafata ta bar gidanka."

Malam ya sunkuya ya laluba takalminsa. Ya saka ɗaya, ya saka ɗayan, ya ɗauki sandarsa ya shiga ruwan.

Ikrima na nan durƙushe inda aka bar shi. Ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi Aina'u, sannan ya dubi cinyarta. Yatsun mahaifiyarsa sun daɗe da saki, barci ya soma ɗaukarta. Aina'u ce ke riƙe da hannunta.